Tsadar Jiragen Ruwan Shaƙatawa a Amurka da Halin da Iyali Mai Matsakaicin Ƙarfi Ke Ciki

Jirgin ruwan shaƙatawa shi ne duk wani kwale-kwale ko ƙaramin jirgi da mutum ke mallaka don ya fita da iyalinsa kan tafki ko kogi ko bakin teku a ranakun hutu, ko dai su yi kamun kifi na nishaɗi, ko su yi ninƙaya, ko kuwa su sha iska kawai, wato jirgin da ba a neman abinci da shi kuma ba a jigilar fasinja a cikinsa. Babu ƙasar da wannan al'ada ta yi ƙarfi a kasuwarta kamar Amurka, inda jiragen da ke da rajista a hannun hukumomin jihohi suka kai tsakanin miliyan 11 da miliyan 12, kuma bisa alƙaluman ƙungiyar masu ƙera jiragen ruwa ta ƙasar, wadda aka fi sani da NMMA, kusan kashi 95 cikin 100 na waɗannan jirage tsawonsu bai kai ƙafa 26 ba, wato ƙasa da mita 8, irin waɗanda ake ɗorawa a kan tirela a ja su da mota. Wannan ya nuna cewa harkar tun asali ta malamin makaranta ce da ma'aikacin masana'anta da ƙaramin ɗan kasuwa, ko da yake hoton da ya fi zama a zukatan mutane shi ne na katafaren jirgin attajiri mai ɗakunan kwana. Kukan da ake ji a 'yan shekarun nan shi ne cewa irin waɗannan iyalai, waɗanda iyayensu suka mallaki jirgi ba tare da sun yi wata faɗi-tashi ba, yanzu abin ya fi ƙarfinsu, kuma kukan yana da tushe, sai dai dalilansa ba su tsaya a kan farashin da ake rubutawa a jikin jirgi ba.

Jirgin mai ƙaramin ƙarfi ya samu ne daga haɗuwar wasu abubuwa a ƙarni na 20. A 1909 Ole Evinrude, wanda aka haifa a Norwe ya girma a jihar Wiskonsin, ya fara sayar da injin da ake maƙalawa a bayan kwale-kwale a cire shi idan an gama, wanda ya sa kowane kwale-kwalen katako zai iya zama jirgi mai inji. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma alminiyam ya wadata, aka kuma fara ƙera gangar jikin jirgi da faibagilas, wato zaren gilashi da ake jiƙawa da wani irin danƙo na roba har ya daskare ya yi tauri, abin da ya raba masu jirage da wahalar katako mai ruɓewa da neman fenti kowace shekara. A daidai wannan zamani gwamnati ta gina manyan madatsun ruwa da suka haifar da sababbin tafkuna a jihohin da ba su san teku ba, albashin ma'aikatan masana'antu kuma yana hawa. A 1978 Johnny Morris, mai kamfanin Bass Pro Shops, ya fito da jirgin kamun kifi na alminiyam mai suna Bass Tracker, wanda ake sayarwa haɗe da injinsa da tirelarsa a kan dala 2,995, kuma kamfanin Bayliner ya bi irin wannan hanya a shekarun 1980 da jiragen iyali na faibagilas.

Wannan farashi na 1978 yana da amfani wajen warware wani ruɗani. Lokacin da kamfanin Morris ya cika shekara 40 da fito da Bass Tracker, a 2018, ya ƙera irinsa ya sa masa dala 9,995, alhali dala 2,995 ta 1978, idan aka auna ta da hauhawar farashin kayayyaki na waɗannan shekaru, ta haura dala 11,000 a kuɗin 2018. Ke nan jirgi maras ƙyale-ƙyale, mai kujeru biyu ko uku da ƙaramin inji, bai ƙara tsada ba a tsawon shekara 40, in ma ba a ce ya ɗan sauko ba. Abin da ya canza shi ne irin jirgin da masana'antar ta fi son ƙerawa, da irin wanda dila ya fi son ajiyewa a gaban shagonsa, da irin wanda tallace-tallace suka koya wa mai saye cewa shi ne jirgin iyali. A yau jiragen da aka ƙera musamman don tayar da igiyar ruwa a bayansu domin masu wasan sulu, irin na kamfanonin Malibu da MasterCraft, sun saba haura dala 100,000, kuma hatta jirgin fantun, wanda asalinsa dandamali ne da aka ɗora a kan manyan bututun alminiyam guda biyu don tsofaffi su zauna su yi hira a kan tafki, ya koma ɗauke da bututu uku da kujerun falo da manyan lasifikoki da injin da ya kai ƙarfin doki 300.

Dalilin wannan hawa yana cikin yadda ake ƙera jirgin. A Amurka ana sayar da sababbin motoci kusan miliyan 15 ko fiye a shekara, sababbin jirage masu inji kuwa ba su cika wuce 300,000 ba ko a shekarar da kasuwa ta yi kyau, kuma kamfanoni masu yawa ne ke raba wannan ɗan adadi a tsakaninsu, don haka babu wanda cinikinsa ya kai ya cika masana'antarsa da na'urori masu sarrafa kansu kamar yadda masu ƙera mota suka yi. Har yanzu galibin aikin na hannu ne: ma'aikaci yana goge cikin ƙwaryar zubi da kakin zuma ko makamancinsa don kada jirgin ya manne, ya fesa launin da zai zama fatar waje, sannan a shimfiɗa zaren gilashi falle bayan falle ana jiƙa shi da danƙo, wani kuma yana bi da ɗan abin murzawa yana fitar da kumfar iska, domin duk inda iska ta maƙale nan ne jikin zai yi rauni, daga nan a jira ya daskare kafin a ɗaga shi a haɗa da benensa, a ja wayoyi, a ɗaura tanki da kujeru ɗaya bayan ɗaya. Tun da ma'aikata ɗaya da filin masana'anta ɗaya za su iya fitar da jirgin dala 25,000 ko na dala 120,000, kuma ribar na biyun ta ninka ta na farko sau da yawa, ba abin mamaki ba ne kamfani ya karkata ga babba. Durƙushewar tattalin arziki ta 2008 ta ƙarasa aikin, domin cinikin sababbin jirage ya faɗi warwas, kamfanin Genmar, wanda yake cikin mafiya girma a lokacin, ya karye a 2009, dilolin ƙananan garuruwa da yawa suka rufe, waɗanda suka tsira kuma suka fahimci cewa mai kuɗi ne kaɗai ke ci gaba da saye idan zamani ya yi tsanani.

Inji shi ne kashi mafi nauyi a farashin ƙaramin jirgi, kuma a nan doka ta taka rawa. A 1996 hukumar kare muhalli ta Amurka ta kafa ƙa'idar rage hayaƙin injinan jiragen ruwa da kusan kashi 75 cikin 100, aka aiwatar da ita a hankali daga 1998 zuwa 2006, abin da ya kawo ƙarshen tsohon injin mai bugu biyu, wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai kuma yake zubar da wani kaso na man a cikin ruwa ba tare da ya ƙone ba. Injin mai bugu huɗu da ya maye gurbinsa ya fi tsafta, ya fi tsimin mai, ya fi daɗewa, amma ya fi nauyi da tsada, kuma kwamfutar da ke cikinsa ta sa mai jirgi ba ya iya kwance shi a bayan gida kamar yadda mahaifinsa ya saba. Kamfanin OMC, mai injinan Evinrude da Johnson, ya karye a ƙarshen shekarar 2000 a tsakiyar wannan sauyi, kuma a 2020 aka daina ƙera Evinrude gaba ɗaya, kasuwar ta rage a hannun kamfanoni ƙalilan, musamman Mercury da Yamaha da Suzuki da Honda. Dokar ta 1996 ta yi daidai, domin tafkin da mutane ke sha daga cikinsa bai cancanci zama juji na man inji ba, kuma ba adalci ba ne a ɗora mata dukan laifin tsadar, tun da ba ita ce ta sa kamfanoni tseren ƙarfin doki ba. A 2021 Mercury ya fito da inji mai ƙarfin doki 600 a kan kusan dala 77,000, kuma akan ɗaura biyu ko uku ko huɗu a bayan jirgi ɗaya, alhali kuɗin shigar iyalin da ke tsakiyar jeri a Amurka a 2023 bai wuce kimanin dala 80,000 a shekara ba.

A kan wannan aka ƙara harajin kashi 10 cikin 100 da gwamnatin Amurka ta ɗora wa alminiyam da ake shigowa da shi a 2018, sannan annobar korona ta zo a 2020, lokacin da mutane suka rasa tafiye-tafiye suka ruga kan ruwa, aka sayar da sababbin jirage masu inji fiye da 300,000, adadin da ba a gani ba tun kafin 2008, kaya suka yi ƙaranci, farashi ya tashi, kuma bai koma inda yake ba bayan kasuwar ta lafa.

Mafi yawan iyalai ba sa biyan kuɗin sabon jirgi hannu da hannu, bashi suke ci, kuma bankuna sukan shimfiɗa shi har shekara 15 ko 20 don abin da ake biya a wata ya yi kama da mai sauƙi. Daga Maris na 2022 zuwa Yulin 2023 babban bankin Amurka ya ɗaga ruwan da yake ɗorawa daga kusan sifiri zuwa sama da kashi 5 cikin 100, ruwan bashin jirage kuma ya bi shi. Idan aka ɗauki misalin bashin dala 50,000 na shekara 15, a kan ruwan kashi 5 mai jirgi zai riƙa biyan kusan dala 395 a wata, a kan kashi 8 kuwa sai ya koma kusan dala 478, jimillar abin da zai biya ta kai dala 86,000, wato dala 36,000 ta tafi ga banki a kan kadarar da darajarta ke zubewa tun ranar da ta bar shagon dila. Wanda ya so sayarwa bayan shekara uku ko huɗu yakan tarar cewa bashin da ya rage a kansa ya fi abin da jirgin zai kawo a kasuwa.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba, domin jirgi kamar doki ne, wanda kowane mai sha'awa zai iya ƙoƙartawa ya saya, sai dai harawa da dusa da kanwa da ladan mai kula da shi su ne ke tantance wanda zai iya riƙe shi. Ƙiyasin da ya shahara a tsakanin masu harkar shi ne cewa ɗawainiyar jirgi a shekara takan kai kusan kashi 10 cikin 100 na farashinsa. Injin fetur mai ƙarfin doki 200, idan aka sake masa wuta gaba ɗaya, yana shan kusan galan 20 a awa, wato lita 75, kuma man da ake sayarwa a bakin ruwa ya fi na gidan mai tsada. A jihohin arewa, inda tafkuna ke daskarewa, kowace kaka sai an fitar da jirgin, a tsiyaye duk ruwan da ke cikin inji da bututu don kada ƙanƙara ta fasa su, a zuba maganin hana daskarewa, a canza baƙin mai, a cire batir, a naɗe jirgin da farar leda mai kauri da ake hura wa zafi har ta ɗame a jikinsa, sannan a biya kuɗin ajiya na wata shida ko bakwai da ba wanda zai hau shi. A kudu, inda ake fita duk shekara, ruwan gishiri ne ke cin ƙarfe, guguwa kuma tana ɗaga kuɗin inshora, musamman a Fulorida bayan ɓarnar da guguwar Ian ta yi a 2022. Ga kuɗin rajista, ga ladan bakanike wanda ake lissafawa da awa, ga motar a-kori-kura mai ƙarfin jan tan biyu ko uku, wadda sau da yawa ta fi jirgin kansa tsada. Idan aka haɗa biyan bashin misalin da ya gabata, kusan dala 5,700 a shekara, da ɗawainiyar dala 5,000, aka ce iyalin sun fita sau 20, kowace fita ta ci fiye da dala 500, jimillar kuma ta haura kashi ɗaya cikin takwas na kuɗin shigar matsakaicin iyali kafin a cire haraji.

Akwai kuma abin da ba a ƙera shi a masana'anta, wato bakin ruwa. Marina, tashar da ake ɗaure jiragen shaƙatawa a biya haya gwargwadon tsawon jirgi, a da yawanci mallakar iyalai ne ko ƙananan hukumomi, amma darajar filin gaɓa ta sa an rushe da yawa an gina gidajen alfarma a gurbinsu, ragowar kuma manyan masu zuba jari suna ta tattara su. Kamfanin Safe Harbor, wanda ya fi kowa yawan marina a ƙasar, an saye shi a 2020 a kan kusan dala biliyan 2.1, a 2025 kuma kamfanin Blackstone ya saye shi a kan dala biliyan 5.65, kuma wanda ya zuba irin wannan kuɗi dole ya nemi ribarsa daga haya, ya kuma fi maraba da jirgi mai ƙafa 50 a kan mai ƙafa 18. Ajiye jirgi a gida ma ba kowa ke samu ba, tun da mai zaman haya a bene ba shi da fili, ƙungiyoyin masu gidaje na unguwanni da dama kuma sun hana a bar tirela a ƙofar gida. Abin da ya rage wa mai ƙaramin ƙarfi shi ne gangaren kankare na gwamnati, inda ake komawa da baya da mota har tirela ta nutse a sauke jirgi, kyauta ko a kan 'yan daloli. Da yawa daga waɗannan gangarori ana gina su ne da harajin man jirage da na kayan kamun kifi, ƙarƙashin wata doka ta 1950 da aka faɗaɗa a 1984, kuma wannan tsari, da ba a cika ambatonsa ba, ya yi wa iyalai masu matsakaicin hali amfanin da ya wuce na duk wani rangwamen dila.

Sauran dokokin haraji kuwa sun fi kallon sama. A 1990 majalisar dokoki ta ɗora harajin kashi 10 cikin 100 a kan abin da ya haura dala 100,000 na farashin jirgi, masu ƙera manyan jirage suka yi kukan cewa ma'aikatansu ne ke rasa aiki, aka soke shi a 1993, kuma tun daga lokacin 'yan siyasa ke tsoron taɓa wannan fanni. Dokar harajin tarayya tana ɗaukar jirgin da ke da wurin kwana da kicin da ban-ɗaki a matsayin gida na biyu, wanda za a iya cire ruwan bashinsa daga kuɗin da ake biya wa haraji, gatar da mai kwale-kwalen alminiyam ba zai taɓa samu ba. Fulorida kuma tun 2010 ta ƙayyade harajin sayen jirgi a dala 18,000, ma'ana mai sayen jirgin dala 30,000 yana biyan cikakken kashi 6 cikin 100, mai sayen na dala miliyan 3 kuwa abin da yake biya bai kai kashi 1 ba. Hujjar jihar ita ce hana attajirai kai rajistarsu wata ƙasa, kuma hujja ce da za a iya fahimta, amma ba ta canza gaskiyar wanda sauƙin ya faɗa wa ba.

Cewa ƙaramin jirgi da buɗaɗɗen bakin ruwa su ne ginshiƙin al'amarin ana ganinsa a Norwe, ƙasa mai tsadar rayuwa wadda mutanenta ba su kai miliyan 6 ba amma jiragen shaƙatawarta sun kai kusan miliyan ɗaya, galibinsu ƙanana marasa rufi, kuma doka ta ba kowa 'yancin bi ta gaɓar da ba a noma ba ko da mallakar wani ce. Haka ma jihar Minesota, mai tafkuna fiye da 10,000 da ɗimbin mashigai na gwamnati, tana da jirage masu rajista fiye da 800,000 ga jama'ar da ba su kai miliyan 6 ba. A Najeriya lamarin ya sha bamban, domin jirgin shaƙatawa ya tsaya ne a kulob-kulob na Legas, irin wanda aka kafa tun 1932 a zamanin Turawa, kwale-kwalen da ke kan kogin Neja da tafkin Kainji da tafkin Chadi kuwa abin neman abinci ne da kai mutane kasuwa. Abin da ya haɗa Najeriya da Amurka shi ne injin da ake maƙalawa a baya, wanda ake shigowa da shi da dala, don haka faɗuwar naira da cire tallafin fetur a 2023 suka sa tsadar da ke hana Ba'amurke nishaɗi ta zama tsadar da ke taɓa tukunyar masunci.

Iyalan Amurka da suka ƙi haƙura sun nemi wasu hanyoyi. Akwai kulob na haɗin gwiwa, inda mutum ke biyan kuɗin shiga da na wata-wata ya riƙa ɗaukar jirgin kulob ba tare da gyara ko ajiya ko inshora sun hau kansa ba. Mafi girmansu, Freedom Boat Club, an kafa shi a Fulorida a 1989, kuma kamfanin Brunswick, mai injinan Mercury da jiragen Bayliner da Sea Ray, ya saye shi a 2019, wanda alama ce cewa masana'antar da kanta ta gane mutane da yawa ba za su ƙara iya mallaka ba. Akwai kuma manhajoji irin su Boatsetter da ke haɗa mai jirgi da mai neman hayar yini. Duka biyun suna rage nauyi, sai dai kowa Asabar ɗin bazara yake so, kuma wanda bai kama layi da wuri ba sai ya zauna a gida.

Babbar mafita har yanzu ita ce jirgi na hannu, domin a kowace shekara waɗanda ke canza hannu sun ninka sababbi kusan sau uku, kuma faibagilas ba ya ruɓewa, don haka jirgin shekara 25 mai lafiyayyen inji yana iya yi wa iyali aiki a kan 'yan dubban daloli, muddin mai saye ya duba katakon da ke ɓoye a ƙarƙashin daɓe da bangon baya inda inji ke rataye, waɗanda su kam suna shan ruwa su ruɓe. Sai dai wannan kasuwa tana cin gajiyar abin da aka ƙera ne a shekarun 1980 da 1990 da farkon 2000, lokacin da ake fitar da ƙananan jirage da yawa, kuma waɗannan suna ta tsufa, injinansu suna mutuwa, sabon inji kuma yakan fi darajar jirgin da za a ɗaura masa. Jiragen da ake ƙerawa tun bayan 2009 sun fi ƙaranci, sun fi girma, sun fi dogaro da kwamfuta da allunan lantarki da ba a gyara su sai a wurin dila, kuma su ne za su cika kasuwar na hannu nan da shekara 15 ko 20, lokacin da farashin sayensu zai sauko amma man da suke sha da motar da za ta ja su da hayar wurin ajiye su za su ci gaba da zama na babban jirgi.